Hannun Mai Fenti

"Wai 'yar Mai Fenti ba ta samu ba?"

"Ba ta samu ba. An kafe sunaye, babu nata."

"Yarinyar da ake cewa ita ce ta ɗaya a makarantarsu?"

"Ta ɗaya daga baya. Shekarar farko ai ita ce riƙe da wutsiyar aji. Su kuma mutanen Kwalejin Kan Tudu ba su da mantuwa, shekaru ukun nan duka suke haɗawa su raba. Da suka tambaye ta dalili, da bakinta ta ce wasa ta tsaya yi."

"Ka ji fa. Uban yana can yana shaƙar fenti, ita tana wasa."

"Rage murya, shagonsa ne nan."

"Ba ya nan, ga ƙofa a rufe."

Yana nan. Ƙofar ya janyo saboda rana, shi kuwa yana tsugune a bayanta da takardar goge katako a hannu, tsakaninsa da masu maganar falle ɗaya ne na kwano. Bai leƙa ya ga ko su wane ne ba. Ya jira sai da takunsu ya ɓace, sannan ya ci gaba da goge allon da ya riga ya yi sumul tun ɗazu.

Sunansa na ainihi ya daɗe da ɓata a unguwar. Ko matarsa, in za ta yi wa baƙo kwatance, gidan Mai Fenti take cewa. Rabin allunan da ke kan titin nan aikinsa ne: kifin da ke saman shagon mai firji, kawunan samari na shagon aski, ƙaton makullin mai yankan makulli, har da gargaɗin da ke bangon bayan kasuwa. Maƙwabcinsa Mai Walda, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu, kullum da wannan yake tsokanarsa. Ya ce ya tsara "Ba a fitsari a nan" da kyau har mutane suna tsayawa su karanta, kuma tunda sun riga sun tsaya sai su yi abin da ya kawo su.

Ya koyi sana'ar ne a wurin wani tsoho mai faɗan tsiya, wanda bai bar shi ya taɓa fenti ba sai da ya gaji da jan layi da ruwa a jikin bango. Ya ja, rana ta shanye, ya sake ja. Tsohon yakan ce fenti kowa na iya saye a kanti, abin da suke sayarwa su tsayuwar hannu ce. Mai Fenti ya fito daga hannunsa ba ya amfani da rula. In ya hau tsani, masu wucewa har tsayawa suke su ga yadda buroshi ke saukowa daga sama zuwa ƙasa kamar an saki igiya da dutse a bakinta. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya zaman majalisa, ba shi da wani abin tinƙaho ban da wannan. Da shi ya yi aure, da shi ya kama hayar ɗakuna biyu, da shi ya riƙe mahaifiyarsa har ta bar duniya.

'Yarsa ta fari sunan mahaifiyar ta ci, don haka Uwata yake kiran ta, har titin duka ya ɗauka. A shagon ta yi rarrafe. Tun ba ta iya karatu ba take kwaikwayon haruffa a kan murfin gwangwani da ragowar fenti, ta koma gida da shuɗin hanci, uwarta ta yi ta mita wai ta haifi yarinya an mayar mata da ita almajirar sana'a. Shi dai dariya yake. Ya ce boko za ta yi, wannan wasa ne kawai.

Shekarar da ta shiga babbar sakandare hannun ya fara rawa. Abin da ya fi ɗaure masa kai, in yana zaune ya ɗora shi a gwiwa, lafiya lau yake kamar na kowa. Sai ya ɗauki abu ya nufi wani wuri da shi, sannan ya soma kaɗawa. Allon wani kemis ne ya fara nuna masa. Wutsiyar harafi ɗaya ta karkace, ya goge da kananzir ya sake, ta kuma karkacewa, ya sake har katakon ya fara jin jiki. Mai kemis ya karɓi aikinsa yana ta yabo. Shi kuwa Mai Fenti ya daina bi ta wannan layin.

Matarsa kaɗai ya gaya wa, ƙofa a rufe, da sharaɗin ko 'yar'uwarta kada ta ji. Yana da dalilinsa. A lokacin masu buga rubutu da inji a kan leda sun fara buɗe shaguna, suna yi wa mutum a yini ɗaya abin da shi zai kwana uku a kai. Waɗanda suka rage masa sun rage ne saboda hannun. Ranar da aka ce hannun Mai Fenti yana rawa, ranar zai rufe shago. Amma ko da babu masu injin, da wuya ya faɗa. A gidan da ya tashi, ranar da babu abin dafawa mahaifiyarsa takan hura wuta ta ɗora ruwa zalla, don maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi kamar kullum. Bai taɓa ganin wannan a matsayin ƙarya ba. Shi a wurinsa haka mutanen kirki suke zama.

Wata Asabar Uwata ta kawo masa abinci ta same shi zaune gaban allon da ya ɓata, buroshi a ƙasa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗauka, ta tsoma, ta share bakin a jikin gwangwani yadda ta saba ganin yana yi, ta ja gefen harafin daga sama har ƙasa. Layin ya sauko a miƙe. Daɗi da kunya suka kama shi lokaci ɗaya. Ya ce ta ƙarasa wancan ma ya gani.

Daga nan aka fara. A ɗakin baya suke yi, inda taga ke ba da haske da safe, kuma da safen ne dole, don fenti ya samu rana ya bushe kafin masu aiki su zo karɓa da yamma. Shi ya zana da alli, ya haɗa kala, ya cike cikin manyan haruffa. Ita ta ja gefuna ta yi ƙananan rubutu. In sun gama sai ya fito da allon bakin ƙofa ya jingine, ya shafa ɗan fenti a yatsunsa, ya zauna kusa da shi. Ya ce mata wannan aikin ne kawai, kafin hannun ya huta. Da aka gama shi wani ya shigo, shi ma ya zama wannan ne kawai. Takan isa makaranta bayan an dawo daga tara, wata rana ma ba ta zuwa. In ta je, warin fenti ya riga ya sa mata ciwon kai, ta kifa kai a tebur. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Fitila saboda warin kananzir da ba ya barin yatsunta.

A zango na biyu Malamar Lissafi ta zo shagon, wata gajeriyar mata mai ƙatuwar jaka, wadda ke tafiya kamar ana bin ta. Ta ce ta duba takardun yarinyar na baya, wannan ba daƙiƙiya ba ce, ko akwai abin da ke faruwa a gida? Mai Fenti ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa cikin aljihu. Ya yi mata godiya sosai. Ya ce gida lafiya lau, yarinta ce kawai, wasa ya yi mata yawa, amma zai yi mata faɗa. Uwata tana ɗakin baya a lokacin, buroshi a hannu, ta ɗauke numfashi don kada a ji motsinta. Ba abin da ya wuce kunnenta.

Da sakamakon ƙarshen shekara ya fito, matarsa ta ajiye takardar a gabansa ta ce ko ya je asibiti, ko ita ta yafa mayafi ta je ta gaya wa Malama komai. Ya san za ta aikata. Ya tafi wani asibiti can ƙarshen gari inda yake ganin ba wanda ya san shi. Da mai yankan kati ya tambayi sunansa, sai ya ga kamar ya taɓa ganin fuskar mutumin a titinsu, bakinsa ya ba da sunan yayansa da ya rasu. Likita ya sa shi ya miƙe hannu, ya taɓa hanci, ya ja layi a takarda. Ya ce ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke lallashinsa. Ta kuwa lallashe shi, daidai yadda zai iya manyan haruffa in ya jingina gwiwar hannu da allo. Ƙananan ayyuka masu tsari ya bar wa masu inji, wai idonsa ne ba ya so. Bai sake komawa asibitin ba; ƙwayar yake saye a wani kemis mai nisa. Uwata ta koma aji.

Abin da ta yi a shekaru biyun da suka biyo baya, har yau malaman makarantar suna ba ƙannenta labari don su ji kunya. Ta bi littattafan shekarar da ta rasa ita kaɗai, a wannan ɗakin bayan, a kan bencin da take jan layi. Daga wutsiya ta hau tsakiya, daga tsakiya ta wuce kowa. Malamar Lissafi ta ara mata akwatin kayan zane, ta sa mata Kwalejin Kan Tudu a rai, inda ake koyon zanen gine-gine. Kowa a garin ya san wurin: dubbai ke nema, 'yan kaɗan ake ɗauka, kuma wanda ya fito daga can aiki ne ke nemansa. Mai Walda tun ba a je ko'ina ba ya fara kiran ta Injiniya, yana roƙon in ta fito ta zana masa bene a kan shagonsa, amma ta bar masa taga ta ɓangaren ubanta don ya riƙa zuba masa ƙura.

Jarrabawar shiga ta ci ta da kyau. Sai dai kwalejin ba ta tsayawa nan, takan haɗa makin shekaru ukun sakandare ta raba, kuma shekarar farkon nan ta ja Uwata ƙasa har ta tsaya a bakin layi, ba ciki ba waje. Irin waɗannan ake kira su zo a gana da su. Malama ta zaunar da ita ta ce babu makawa za su tambaye ta abin da ya faru a shekarar, kuma in akwai dalili na gaske ta faɗa, domin suna da ikon ture shekarar gefe.

Da safen ranar ta biyo ta shago cikin kayan makaranta da aka goge har suna ƙyalli. Yana motsa fenti da ɗan itace.

"Baba, Malama ta ce za su tambaye ni shekarar farko."

"To me za ki ce musu?"

"Shi ne nake tambayar ka."

Ya ci gaba da motsawa. Maganar tana bakinsa, ya ma fara jera ta: ki gaya musu, Uwata, mutanen can ai ba allo za su kawo mini ba. Daidai nan Mai Walda ya buga ƙofa da ƙafa yana kiran ina Injiniya, a zo a yi mata rakiya. Mai Fenti bai san lokacin da ya saki itacen ya tura hannu cikin aljihu ba. Shekaru sun koya wa hannun wannan, ba ya jiran izini. Uwata ta dubi aljihun, ta dube shi.

"Na gane, Baba."

Ya so ya ce ba haka yake nufi ba. Amma Mai Walda ya riga ya shigo ya cika shagon da surutu, yana gaya mata in sun tambaye ta wa ya koya mata ƙarfe ta ce shi ne. Ta yi dariya, ta durƙusa ta gaishe su, ta fita. Mai Fenti ya gaya wa kansa yarinya ce mai hankali, za ta san abin da ya dace. Har yanzu bai san wanne daga cikin biyun, faɗa ko ɓoyewa, yake fatan ta yi ba a wannan safiyar.

Da ta dawo ta ce sun yi mata tambayoyi ta amsa. Ba wanda ya matsa mata. Sai da aka kafe sunaye Malamar Lissafi ta sake zuwa shagon, wannan karon ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ce ta bi sawu ta ji abin da yarinyar ta faɗa a gaban mutanen: wai wasa ta yi, ba ta ɗauki karatu da muhimmanci ba sai daga baya. Ta ce akwai yaron da Uwata ta fi maki nesa ba kusa ba, an ɗauke shi, domin ya ce a shekararsa ta farko jinyar mahaifiyarsa ya yi, ya kawo shaida. Ta ce ita ba ta taɓa yarda da zancen wasan nan ba, yarinyar da ke wasa ba ta barci a aji da tabon fenti a farce. Ta tambaye shi, don girman Allah, ko akwai abin da ya kamata ta sani, ko za ta iya bin wata ƙofa kafin a rufe komai.

Akwai wani mai shagon taya a tsaye yana jiran allonsa. Mai Walda ma ya kashe injinsa yana saurare. Mai Fenti ya ji bakinsa yana cewa gida lafiya lau, Malama, rabo ne bai yi ba. Ta ce to Allah ya ƙara lafiyar, ta saɓa jakarta ta tafi.

Uwata ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta mayar wa Malama akwatin kayan zane, ta jera littattafanta a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Da uwarta ta ce ai akwai baɗi, sai ta ce baɗin ma shekarar farko tana nan inda take, kuma abin da ta faɗa sun rubuta. Akwai wasu makarantun, ba a ce babu ba, amma ta daina amsawa in an ambace su, sai ta ce to. Uwar kuwa ta janye magana da Mai Fenti, sai abin da ya zama dole. Sau ɗaya ta buɗe baki, tana ninke kayan yara ba ta ko dube shi ba, ta ce ya rufa wa hannunsa asiri ya bar 'yarsa a waje ana nuna ta da baki. Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi.

A cikin wannan hali ne ya ji mutanen nan biyu ta bayan ƙofa. Bai gama goge allon ba Uwata ta shigo da abinci, sanye da tsohuwar rigarsa mai tabon fenti, wadda ya ɗauka an daɗe da yar da ita. Ta ajiye kwanon, ta wanke burosan da ya bari a kananzir, ta jera su bisa tsawo. Sannan ta dubi allon mai taya da ya zana da alli, ta ce ya kawo ta ja masa gefen, tunda yanzu ba inda za ta. Ba da gatse ta faɗa ba. Ya zuba ido yana neman gatsen a fuskarta, da ya samu da ya ji daɗi. Ta ja layin, ya sauko a miƙe kamar da, ko ma fiye. Ya ce ta ajiye ta tafi gida. Ta ce saura kaɗan. Ya ɗaga murya, abin da bai saba ba, ya ce ta ajiye.

Daga ranar ya daina shan ƙwayar. Da hannun ya dawo da rawarsa sosai, ya shiga shagon Mai Walda, ya ɗauki sandar walda ɗaya ya miƙa ta gaba, ya bar ta tana kaɗawa a tsakaninsu. Ya ce ya duba da kyau, ga abin da ya cinye shekarar Uwata.

Mai Walda ya tura gilashinsa sama. Ya buɗe baki kamar zai yi barkwanci, ya fasa.

"Ai na sani, maƙwabci. Bango ɗaya ne. Duk safiya ina jin ka kana ce mata ta sassauta hannu a kwanar harafi."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Na ga kana so a yi shiru ne."

Mai Fenti ya ajiye sandar. Ya tuna ranar da Malama ta tsaya tana roƙon sa, ya hana ta gaskiya don kada wannan mutumin ya ji. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Mai Walda ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar da aka yi masa haihuwa bai yi ba, ya fito da babur ya ce ya hau.

Kwalejin tana can saman gari, bayan dogon bango da itatuwa. Mai gadi ya hana babur shiga, ya ce mutum ɗaya, don haka Mai Walda ya tsaya a inuwa. Mai Fenti ya shiga da rigarsa ta fita unguwa, yana bin kibiyoyin da ke jikin bango, duk bugun inji, babu na hannu ko ɗaya. Ɗalibai suna wuce shi da dogayen takardu a naɗe ƙarƙashin hammata. Wata yarinya mai tsawon Uwata ta nuna masa ofishin ɗaukar ɗalibai, ta kira shi Baba.

Ofishin da sanyi kamar cikin randa. Sakatariya ce a gaba, matashiya, bayanta ƙofar shugaban a rufe, ana jin muryoyi a ciki. A kusurwa akwai na'urar ruwan sha da kofuna a kife. Ta ba shi kujera, ta saurare shi da ladabi. Bai taɓa jera wannan labarin da baki ba, sai ya fito masa a hargitse: ya fara daga ganawar, ya koma allon kemis, ya dawo kan Malama. Ya ce yarinyar ba ta yi wasa ba ko na yini ɗaya, shi ya sa mata kalmar a baki. Ya ce in akwai wanda za a hana wuri, shi ne.

Sakatariya ta ce ta ji, kuma ta tausaya. Amma an rufe karɓar ƙorafi, waɗanda aka ɗauka har sun fara rajista. Ko da a ce shugaban zai duba, abu na farko da zai nema shi ne shaidar asibiti. Mai Fenti ya ciro katin daga aljihu da sauri ya miƙa. Ta duba, ta duba takardun Uwata a na'urarta, ta ce wannan ba sunan mahaifin yarinyar ba ne. Ya ce na yayansa ne. Ta tambaya ko yayan ne mara lafiyar. Ya ce a'a, yayan ya rasu tun kafin nan, shi ne ya ari sunan. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke sauka a kunnen wanda bai san shi ba.

Ta ajiye katin a hankali a bakin tebur. Ta ce ya yi haƙuri, kada ya ga kamar tana ƙaryata shi, amma a makon nan iyaye da yawa sun zauna a kujerar nan, kowa da ciwon da ya tuna bayan an kafe sunaye. Tana magana idonta ya sauka a kan hannuwansa.

Shi ma ya duba. Suna kwance a kan gwiwoyinsa, shiru, kamar hannun kowane dattijo mai ƙoshin lafiya. Shekara da shekaru yana roƙon su su tsaya a gaban mutane, yau sun tsaya. Ya ɗaga na daman ya juya shi, ya ɗan motsa kaɗan, irin motsin da kowa zai iya yi da gangan. A bayan ƙofa aka ja kujeru, alamar taron ya kusa tashi. Sakatariya ta ce shugaban yana da wani zaman daga nan, ta ƙofar baya yake fita, gara ya bar lambar waya.

Mai Fenti bai tashi ba. Ya gyara zama, ya nuna kusurwar da haɓa.

"'Yata, ki taimake ni da abu ɗaya. Ki cika mini kofin can da ruwa, ki cika shi har baki. Sannan ki leƙa ki roƙar mini mai gidan naki ya fito kafin ya tafi, ya tsaya nan kawai, ya ga yadda zan kai shi bakina."